Man da Ya Riƙa Ɓacewa a Dutsen Tabuka

Sanyin Jidda ba sanyi ba ne, lallashi ne. Makon nan iska ta juyo daga arewa, sai ga mutanen unguwar Bani Malik sun fito da rigunan ulu kamar an ce musu gobe teku za ta daskare. Mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, na bakin layinmu har da hula mai rufe kunne. Ni dai abin da na yi shi ne na kashe na'urar sanyaya ɗaki na buɗe taga.

Jiya bayan la'asar 'yata Zainab ta shigo da waya a hannu, tun daga ƙofa take kira na.

"Baba, shuf! Talj a Tabuk. Ni da mijina muna so mu je ranar Alhamis."

Na karɓa na duba. Raƙuma ne ke tafiya cikin dusar ƙanƙara, samari na jifan juna da ita suna ihu. Na tambaye ta da wace mota za su je, ta ce da tata mana. Motarta irin wadda ake kira haibirid ce, mai haɗa fetur da batir, irin wadda yanzu ta cika titunan Jidda.

"Wai tana iya talj, Baba? Kai ka sani."

Na ce tana iyawa, amma ba ta son a yi mata gaggawa, kuma duk tsimin man da aka san ta da shi a nan, a can mantawa take yi da shi. Ta ce halas, ta gode, ta fita da murnarta. Ni kuwa ta bar ni zaune da wani hunturu da na kusa shekara ashirin ina kauce wa tunawa da shi.

A lokacin Zainab ba ta isa shiga makaranta ba. Na sayi tawa haibirid ɗin a kasuwar gwanjon motoci, tsohuwa ce da aka shigo da ita daga Amurka. Fetur a wancan zamani ya fi ruwan gora araha, don haka ba mai sha'awar motar da ba ta da abin alfahari sai ƙin shan mai. Dillalin ya yi ta rantsuwa har na fara zargin rantsuwar. Ranar da na kawo ta gida, na tsaya a ƙofa ba wanda ya ji isowata. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Yakuba, wannan ai munafuka ce. Motar da za ta shigo ba sallama?" Makanikina na Sharafiyya ya buɗe bonet, ya ga wayoyi masu ruwan lemo, ya rufe a hankali ya ce in kai ta inda na samo. Amma ta riƙe ni. In na cika tanki sai na manta ranar da na shiga gidan mai.

Kawu Idi ƙanin mahaifiyata ne. A Makka aka haife shi, amma fiye da rabin rayuwarsa a arewa ya yi ta, yana kula da tumakin kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, a wata gona can cikin duwatsun da ke bayan Tabuka. A farkon hunturun nan ya aiko cewa ma'aikatansa biyu sun tafi, tumaki kuma sun kusa haihuwa, in zo in kama masa na wata biyu. Aikin tuƙin da nake yi ya tsaya a lokacin, sai na ɗaure kaya. Kwana biyu na yi a hanya, teku na hannun hagu, har na bar gaɓa na fara hawa. Tun ina tafe da gilashi a buɗe har na rufe, har na lalubo maɓallin hita, wanda tun da na sayi motar ban taɓa taɓa shi ba.

Gonar ba wata gona ba ce. Ɗakuna uku na bulo, garke mai rufin kwano, rijiya da injin jan ruwa, sai duwatsu ja ko'ina ka juya. Kawu ya tarbe ni cikin farwa, wato babbar alkyabbar sanyi mai gashin tunkiya a ciki. A bayansa wani dogon mutum ne siriri, zai yi sa'a na.

"Wannan Bashir ne, daktan tumaki. Daga Zariya kafili ya ɗauko shi bara."

Muka gaisa. Hannunsa na warin maganin dabbobi. Ko gama gaisuwar ba mu yi ba ya wuce ni ya fara zagaya motar. Ya tambaye ni ina batirin yake, lita nawa tankin ke ɗauka, da gaske ne ba a soka mata makulli, yana aljihunka kawai sai ka danna maɓalli. Na amsa masa a gajarce. Mu haifaffun Jidda muna da abin da muke faɗa a kan sababbin zuwa daga Najeriya, cewa sun fiye wayo. Su ma suna da nasu a kanmu, cewa Hausarmu ta ji Larabci har ta lalace. Ban shiga gonar nan da zuciya fara ba, gara in faɗi gaskiya. Makullin motar biyu ne. Na riƙe ɗaya, na ba Kawu ɗayan ya jefa cikin akwatinsa na ƙarfe.

Ranakun duk iri ɗaya ne. Kafin asuba Bashir ke ɗora ruwan alwala, don na buta ya zama dutse. In an idar da salla sai mu ɗauki guduma mu nufi kwamin shan ruwan tumaki mu fasa ƙanƙarar da ta rufe shi, mu tsame ta da hannu. Wannan aikin ne ya koya mini cewa sanyi ma ƙuna yake yi. Sai a zuba sha'ir, a duba waɗanda suka haihu. Ɗan ragon da ya fito a jiƙe, in ba a goge shi da buhu an kai shi kusa da wuta ba, kafin hantsi ya sandare. Kicin ɗinmu ya koma ɗakin masu jego, kana murza ƙullu ɗan rago na tsotsar gefen wandonka. Karin kumallo shayi ne da gurasar da Kawu ke gasawa a bayan kasko, da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake. Daga nan ni zan kora waɗanda ba su da ciki zuwa kwari, tafiyar kusan rabin awa, ba na dawowa sai azahar. Bashir da Kawu su zauna da masu haihuwa.

Duk mako biyu motar kafili ke kawo tukunyar gas da fulawa da man injin wuta. Ta zo sau biyu. A karo na uku direban ya aiko cewa hanya ta yi santsi, shi ba zai hau ba sai yanayi ya gyaru. Gas ya ƙare. Injin wuta ya yi shiru, hitar lantarkin ɗakin Kawu ta zama abin rataye tawul. Muka koma tonon saiwoyin busassun itatuwa a kwari, wutarsu hayaƙi ya fi yawa. Sukari ya koma ƙwaya biyu na dabino a gefen kofi. Yanzu ina jin yara na cewa a can sama har bidiyo suke turowa kai tsaye. A lokacinmu sai ka hau wani tsauni ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin ka samu layi. Motata ce kaɗai ta rage mana tsakaninmu da gari, gidan mai mafi kusa kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ne. Na sauka sau ɗaya na cika tanki, na yi cefanen da zan iya, na dawo. Gas ne ban samo ba.

A wannan tafiyar na fara lura motar ta sauya hali. A Jidda injinta barci yake yi a kowace danja. A nan kuwa ina danna maɓalli yake tashi, ya yi ta gurnani ya ƙi kwanciya, musamman in hita na kunne. Man da na ƙona a hawan dawowa bai yi kama da nata ba. Na ce shi ke nan, abin da dillali ya ɓoye mini ya fito, batir ya fara mutuwa. Na ajiye ta a gindin bango na ce ba mai taɓa ta sai da lalura.

Gejin manta sanduna ne a jere. Na bar ta da takwas. Bayan kwana huɗu na leƙa, bakwai. Na ce ƙila idona ne. Bayan wasu kwanaki, shida.

Na kwanta a ƙasa mai sanyi na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, washegari ko ɗigo babu. Na ɗauki gawayi na yi wa tayoyi alama da ƙasa. Kwana uku alamar na nan daram, mai kuma na ci gaba da sauka. Motar da ba ta motsa ba, ba ta yoyo, ina manta ke zuwa? Wata rana na dawo daga kiwo da wuri kaɗan, na ga raɓar da ta daskare a rufin motar tana nan, amma ta kan bonet ta narke. Na buɗe ƙofa. An kwantar da kujerar gefen direba baya. Warin maganin tumaki ya bugi hancina.

Akwai wani makiyayi da ke zuwa duk Juma'a da tsohuwar akori-kura, ya karɓi maganin awaki wajen Bashir, su keɓe a bayan garke suna magana. Na haɗa wannan da wancan, lissafina ya fita tsaf: Bashir na zuƙe mini mai yana ba mutumin. Bonet mai ɗumi da kujerar da aka kwantar ba su shiga wannan lissafin ba, amma mai zargi ba ya rasa inda zai cusa abin da ya yi saura. Na ce wa kaina yana kunna ta ne don ya ga sanduna nawa suka rage.

Ranar da Bashir ya hau tsauni kiran matarsa, na shiga ɗakinsa. Na ɗaga katifa, na buɗe jakarsa, na taɓa hotunan 'ya'yansa da hannuna. Na sami wani tiyo siriri, na kai hanci da murna. Maganin tsutsar ciki ne. Na mayar da komai yadda yake, na fito, kuma ban ji kunya ba. Haushi na ji cewa ya fi ni wayo.

Na sami Kawu yana gasa gurasa.

"Kawu, makullin da na ba ka yana nan?"

Ya nuna akwati da haɓa. Na buɗe, yana nan a kan tsofaffin takardunsa.

"Ana sace mini mai. Kuma mu uku ne a dutsen nan."

Bai ɗago ba. Ya juya gurasar, ya yi tari mai tsawo cikin hannun farwarsa, sannan ya ce, "Yakuba, zato zunubi."

"Ko da ya zama gaskiya, na sani. Amma in man nan ya ƙare, da ƙafa za mu sauka?"

"Allah na nan," in ji shi.

Tarin nan na ji shi, kamar yadda na riƙa jin sa kullum, amma hankalina na kan geji. Daga ranar na daina yi wa Bashir magana in ba ta aiki ba. In ya ce, "Malam Yakubu, sannu da sanyi," in ce yauwa. Ya lura, ba shakka. Bai tambaye ni ba, wannan kuma ya ƙara tabbatar mini. Sanduna suka koma huɗu, suka koma uku.

Dusar ƙanƙara ta fara sauka wata Laraba da yamma, kamar ana kaɗa auduga daga sama. Ban taɓa ganinta ba sai a talabijin. Na tara hannu, ta sauka ta ɓace. Da gari ya waye babu dutse ja ko ɗaya, komai fari, duniya ta yi tsit kamar an toshe mini kunne. Ƙafata ta nutse har ƙwauri. Na tsaya ina kallo kamar yaro, sai na ji Bashir na ƙwala mini kira daga ɗakin Kawu.

Kawu bai iya tashi salla ba. Jikinsa kamar garwashi, leɓɓansa sun yi duhu, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana jan zarto. Bashir ya ɗora masa abin sauraren ƙirjin da yake duba tumaki da shi, ya daɗe yana saurare.

"Nimoniya ce, ta kama gefe biyu. Abin da ke hannuna na dabbobi ne. Sai asibiti, yau ɗin nan."

Na fita na danna maɓallin mota. Sanda biyu. Na dawo na tsaya a bakin ƙofa na dube shi ido cikin ido na ce, "Biyu suka rage." Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe Kawu a bargo.

Muka farke buhunan sha'ir muka zube wa tumaki, muka fasa musu ƙanƙarar kwami, muka ɗauko Kawu muka kwantar a kujerar baya. Bashir ya cire safar hannunsa ya sa masa.

Na yi shekaru ina tuƙi, na san yashi, na san ambaliyar Jidda, amma wannan wani karatu ne dabam. Tayoyin motar irin masu sulɓi ne da aka yi don tsimin mai a kan kwalta mai zafi. A gangara ta farko na ɗaga ƙafa daga totur, sai motar ta riƙe kanta da kanta, kamar yadda ta saba in tana mayar da wuta cikin batir. A busasshiyar hanya ba ka ma jin abin. A nan sai gabanta ya ƙi bin sitiyari, muka tafi a karkace zuwa bakin rami. Na taka burki, ya yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, muka tsaya saura taku biyu. Daga nan na gane ba ta son komai na farat ɗaya, ko ɗaga ƙafa ko takawa. Na riƙa lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. A inda hanya ta miƙe kuwa ta ba ni mamaki. Tashinta a hankali yake, ba fizga, nauyin batirin da ke bayanta kuma ya zaunar da ita. Na fara cewa a raina ƙila mu kai.

Sai muka iso wani kwazazzabo inda hanya ke sauka ta sake hawa. Iska ta tara dusa a nan. Motar gajera ce, cikinta ya hau kan tulin ya zauna. Na taka totur, tayoyi suka juya sau ɗaya, wata fitila ta fara ƙiftawa, sai ƙarfin ya ɗauke. Na taka har ƙasa, shiru. Ashe haka aka yi ta, da zarar ta ji taya na sulɓi sai ta yanke wa kanta ƙarfi. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ta zaɓi ranar da za ta ci amanata. Na daki sitiyari na zage ta da Larabci da Hausa.

Dusa ta sake saukowa, da iska wannan karon, ko bonet ba ma gani. Bashir ya ce mu dakata ta lafa. Ya fita, na bi shi da ido ta madubi, na ga ya durƙusa a bayan motar yana tono. Na buɗe ƙofa na daka masa tsawa.

"Me kake yi a wajen tankin?"

"Salansa nake buɗewa," ya ce, bai juyo ba. "In ta toshe hayaƙin ciki zai dawo. A unguwarmu janareta ya kashe mutum biyar a ɗaki ɗaya, suna barci."

Muka zauna. Injin ya tashi ya ɗumama mu, ya kwanta, can ya sake tashi da kansa. Duk tashin da zai yi sai in ji kamar jinina ake zuƙa. Wajen azahar sanda ɗaya ta ɓace, ɗayar ta fara ƙiftawa. A nan haƙurina ya ƙare.

"Ka gani ko? Ka ga abin da ka jawo? Da man nan na nan da ko kwana za mu yi ba na fargaba. Nawa mutumin ya ba ka? In tsohon nan ya mutu a ramin nan, wallahi a wuyanka yake."

Bashir ya juya yana kallon gilashi.

"Yakuba."

Muryar Kawu ce daga baya, da ƙyar take fita.

"Ni ne ɓarawon naka."

Na juya. Ya ɗaga hannu cikin safar Bashir, ya bari tarin ya wuce.

"Tun da hita ta mutu ƙirjina ya ƙi. In ka tafi kiwo, Dakta ke kawo ni nan ya kunna mini, in samu awa biyu in yi numfashi. Ya ce a gaya maka. Ya ce a sauka da ni tun ranar da ka je gari. Ni na sa shi ya rantse."

"Don me, Kawu? Motata ce, kai kuma kawuna ne!"

"Da ka ɗauke ni ka kai asibiti. Ɗan kafili ya daɗe yana cewa na tsufa. In na kwanta sau ɗaya, halas, ba zan sake ganin dutsen nan ba. Ina zan je? In zauna a ɗakin uwarka ina jiran a zuba mini?"

Injin ya tashi a daidai lokacin. Na rasa inda zan sa idona. Abin da ya fito daga bakina ba shi ya kamata ya fito ba. Na ce wa Bashir, "Kai kuma da iliminka ka biye masa?"

"Na biye masa," ya ce. "Wannan laifin nawa ne, na karɓa. Iska ta lafa, yalla, mu gwada."

Shebur ɗinmu na can garke, mun manta shi. Murfin tukunyar da muka zubo wa Kawu shayi da 'yar gurasa a ciki, shi ya zama abin tono. Muka yi ta karɓa-karɓa, mai murfi na gaba, ɗayan na yaƙuto dusar da ke ƙarƙashin cikin motar da hannu. Ni ina da safa. Sai daga baya na tuna cewa shi ba shi da ita, kuma bai ce in ba shi ba, ni ma ban miƙa ba. Na rage wa tayoyi iska kamar yadda muke yi in yashi ya kama mota. Muka cusa tabarmin ƙafa na motar a ƙarƙashin tayoyin gaba, Bashir ya tono tsakuwa daga gefen dutse ya watsa a kan hawan.

"Kai ka san ta, shiga," ya ce. "Kar ka taka da ƙarfi. Ka bar ta ta yi abinta."

Na sa ƙafa kamar mai taka ƙwai. Fitilar ta ƙifta, ƙarfin ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, ya dawo. Ina jin Bashir a baya yana nishi yana kiran sunan Allah. Sau uku muna komawa. A na huɗu taya ta kama tsakuwa, motar ta rarrafa, ta rarrafa, ta hau. Ban tsaya ba sai a kan tudu. Bashir ya iso da gudu yana tangaɗi, ya kasa buɗe ƙofa, sai da na miƙa hannu na buɗe masa daga ciki.

Daga nan gangara ce mai tsawo. Dusa ta koma taɓo, taɓo ya koma baƙar kwalta. Na kashe hita muka lulluɓe Kawu da rigunanmu. Gangarar ta cika batir fal, injin ya kwanta ya daɗe bai tashi ba, muna ta sauka shiru sai ƙarar taya. Ya tashi sau biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, a na biyun ya yi tari ya mutu. Muna hango rufin gidan mai. Da batir kaɗai ta ja mu, a hankali kamar tafiyar jaki, har bakin famfo.

An karɓi Kawu a asibitin Tabuka kafin magariba. Ma'aikaciyar da ta zo karɓar takardunsa ce ta kalli hannun Bashir ta yi salati. Yatsunsa sun yi fari fat kamar kyandir, ba ya jin komai a cikinsu. Aka naɗe hannayen biyu har wuyan hannu. Daga baya kan yatsu biyu na dama bai dawo ba, sai da aka yanke.

Kawu ya tashi, amma abin da ya ji tsoro shi ya faru. Bai sake hawa dutsen ba. A ɗakin mahaifiyata ya ƙarasa shekarunsa uku na ƙarshe, yana zaune bakin taga yana ƙorafin zafi.

Washegarin ranar da muka sauka, likita ya ce Bashir ya kwanta. Bashir ya ce tumaki na haihuwa ba kowa. Motar share hanya ta wuce da safe, muka sayi gas da fulawa muka koma sama mu biyu. 'Yan raguna bakwai muka tarar sun sandare.

Mako uku na zama hannunsa. Yana tsaye a kaina da hannaye a naɗe yana cewa, "Shigar da hannu a hankali, nemo ƙafar gaba, a'a wannan ta baya ce, juya shi." Ni ke yi wa tumaki allura, ni ke ɗaura masa maɓallin riga, ni ke ba shi adas a baki da cokali. Kowace safiya ina warware bandejin in wanke masa yatsun da ruwan ɗumi kamar yadda aka nuna mini. A irin wannan safiyar ce, kaina a sunkuye a kan kwano, na samu bakin magana.

"Dakta, na shiga ɗakinka. Na buɗe jakarka. Na ce maka ɓarawo a gaban Kawu. Don Allah ka yafe mini."

Ɗan rago na kuka a bayan murhu. Can ya ce, "Malam Yakubu, ruwan ya yi zafi. Sirka."

Na sirka. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba har na bar gonar, kullum da sannu da aiki, kullum da na gode. Da bazara kwantiraginsa ya ƙare, ya biyo ta Jidda zai hau jirgi, ya kwana biyu a gidana, ya yi wasa da Zainab. Ni na kai shi filin jirgi. A bakin ƙofar shiga na miƙa masa hannu, ya miƙo na damansa mai guntayen yatsu, na riƙe na ƙi saki, ina jira.

"Ka gaida Baba Idi," ya ce. Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗauki jakarsa ya shige.